Haɗa wutar sola ta gida da layin wutar gari: jagora ga mutanen karkarar Kebbi

Gidan da ya sa sola alhali akwai waya da ta shigo masa daga falwaya yana da wuta iri biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma dole kowace ta san inda za ta tsaya. Ɗora fanel a kan kwano ba shi ne mai wuya ba, yaron shago ma yana iya yi. Inda ake samun matsala shi ne wurin da wayar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar fanel da batir irin wadda kayan gida ke sha, ta haɗu da wayar gari. A nan ne mita ke cinye kuɗin mutum ba gaira ba dalili, a nan inbata ke ƙonewa, a nan kuma wutar gidanka za ta iya fita waje ta kama mai gyara a saman falwaya, shi kuwa ya hau ne da tabbacin an ɗauke wuta. Don haka mafi yawan bayanin nan a kan wannan mahaɗar zai tsaya.

Fara da sanin mai layin

Kafin ka sayi ko da waya ɗaya, ka san layin wa ya shigo gidanka. A Kebbi abu uku ne.

Na farko wutar da har yanzu muke kira ta Nepa. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba ta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Babban layi mai kilobolt 330 yana tasowa daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, daga can ne ma wani layin ya ƙetara zuwa Yamai, amma ƙauyen da ke ƙarshen layi yakan samu ragowa ne: awa kaɗan a rana, ita ma ba ƙarfi. A irin waɗannan garuruwa za ka tarar da kwamitin wuta, masu bi gida gida su tara kuɗi in taransifoma ta lalace ko iska ta kayar da falwaya. Kwamitin nan yana da daraja, kuma da shi za ka zauna lafiya, sai dai ba shi da ikon ba ka izinin tura wuta cikin layi. Ko da kuɗin jama'a aka sayi taransifomar, kamfanin ne ke sarrafa layin, shi ake tambaya.

Na biyu ƙaramar tashar sola ta gari, wadda wani kamfani ya kafa da fanel da batura a fili ɗaya, ya ja waya zuwa gidaje da shaguna, kowa da mitarsa ta kati. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki a ƙasa ta fitar da ƙa'idojin irin waɗannan tashoshi a 2016, ta sabunta su a 2023, kuma na 2023 ɗin sun shafi tashar da ba ta wuce megawat 1 ba. Hukumar REA mai kula da wutar karkara tana ƙarfafa wa jama'ar gari su kafa ƙungiyar gama-kai ta masu amfani da wutar, wadda za ta tsaya tsakaninsu da mai tashar. In garinku yana da irin wannan ƙungiya, ta wurinta za ka fara.

Na uku haɗakar biyun: tashar sola da aka jona da layin kamfani bisa yarjejeniya tsakanin mai tashar, kamfanin rarraba wuta da jama'ar gari. A nan mai tashar ne ke sayar maka da wuta, shi za ka tuntuɓa.

Wutar da ka samar don amfanin gidanka ba ta buƙatar lasisi. Sai ta haura megawat 1 ake maganar neman izinin NERC, gida kuwa ba ya kusantar haka. Abin da ke buƙatar yardar wani shi ne taɓa layinsa.

Wace irin haɗawa kake so

Mutane kan ce "ina so in haɗa sola da Nepa", amma abu uku daban-daban ake nufi da wannan magana.

Akwai haɗin canjoba. Sola tana gefe ɗaya, wutar gari tana ɗaya gefen, kai ne ke jan hannu ka zaɓi wadda gida zai sha. Ba sa taɓa haɗuwa. Shi ne mafi araha, kuma in canjobar mai kyau ce, babu abin da za a ce.

Akwai haɗin inbata mai karɓar wuta biyu, wadda masu shago ke kira haibirid. Wutar gari tana shiga cikinta ta ƙofa ɗaya, fanel ta wata, batir ta wata, ita kuma ta fitar wa gida ta ƙofa ta huɗu. Da kanta take zaɓar wadda za ta ba gida, cikin ƙiftawar ido, talabijin ma ba ta mutuwa. In an saita ta daidai, wutar gari shiga kawai take yi, ba abin da ke komawa. Wannan nake ba kusan kowa shawara a karkara.

Sai na uku, wanda ake yawan gani a bidiyon Turai da Amurka: inbatar da ke tura rarar wutar rana cikin layi, mita ta lissafa, a rage wa mutum kuɗi. Abin sha'awa ne, amma ka dubi yanayinmu. Inbatar da aka ƙera don wannan aikin kawai, marar batir, tana kashe kanta cikin daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka da zarar an ɗauke wutar layi. Da gangan aka yi ta haka, don kada ta rayar da layin da ake zaton matacce ne. To a garin da ake kawo wuta awa huɗu, wani lokacin ma da tsakar dare, fanel ɗinka za su wuni cikin rana suna zaman banza.

Sannan ga mita. Mitar kati ta gama-gari ba a yi ta don lissafin wuta mai fita ba. Wasu ba sa bambance shiga da fita, duk abin da ya ratsa su sai su cire daga yunit ɗinka, ka ba da wuta kyauta kuma a caje ka a kai. Wasu kuma suna ɗaukar hakan a matsayin an yi musu kutse, su kulle, sai ka nemo lambar buɗewa daga ofis. In kuma babu mita, bil ake kawo maka na ƙiyasi, to babu ma wanda zai san ka bayar.

A ƙaramar tashar gari akwai wani dalilin daban. Lokacin da kake da rara, wato daga hantsi zuwa azahar, shi ne lokacin da ita ma tashar take da rara, baturanta sun kusa cika. Kai mata wuta a wannan lokaci kamar kai shanshera kasuwa ne a makon da kowa ya yi girbi. Abin da tashar ke nema shi ne mai shan wuta da rana: injin niƙa, mai walda, mai ƙanƙara. In wutarka ta shigo ba a shirya mata ba, ƙarfin wutar layin yana iya haurawa, na'urorin tashar su kashe kansu, gari duka ya shiga duhu saboda gida ɗaya. Saboda haka tura wuta waje sai da rubutacciyar yarjejeniya da mita mai lissafin shiga da fita, wadda mai layin ne ya sa ta da hannunsa. In babu waɗannan biyun, a rufe ƙofar fita.

Lissafin abin da gida ke sha

Ka zauna da takarda ka rubuta kowane kaya, wat nawa yake ja, awa nawa yake aiki. Ga misalin gida matsakaici:

ƙwan fitila 8 masu wat 10, awa 6: 480
fanka 3 masu wat 60, awa 10: 1,800
talabijin da dikoda, wat 80, awa 5: 400
firiza ƙarama, a wuni da kwana: kamar 1,500
cajin wayoyi: 100

Jimla 4,280, wato yunit 4.3 ke nan a rana, don yunit ɗaya na mita wat 1,000 ne na tsawon awa ɗaya. Ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda asarar da ake yi a waya, inbata, batir, zafi da ƙura, ya zama kusan 5.6. Raba da 5, wato awannin rana mai ƙarfi da za ka iya dogara da su a yankinmu ko da damina. Ka samu kilowat 1.1: fanel biyu masu wat 550. Ni dai uku zan ce ka saya, don watan Agusta da hazon hunturu ba sa bin lissafin takarda.

Batir kuma abin da ake sha daga magariba zuwa hantsi zai ɗauka. A gidan nan a ce yunit 2.5 zuwa 3. Batura biyu na ruwa masu bolt 12 da amfiya-awa 220 suna riƙe kusan yunit 5.3, amma rabi kawai ake sha in ana so su yi ƙarko, don haka da ƙyar suka isa. Batir litiyom mai bolt 51.2 da amfiya-awa 100 yana riƙe yunit 5.1, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa. Ya fi tsada ranar saye, ya fi araha a tsawon shekaru. Ka lura shi na inbata mai bolt 48 ne, baturan ruwa biyun kuwa na mai bolt 24, ba a cakuɗa su.

Dutsen guga, hita da rishon lantarki kada su shiga layin inbata ko kaɗan. A bar su a layin wutar gari kai tsaye. Famfon bohol kuwa, lokacin tashi yana jan ninki uku zuwa biyar na abin da aka rubuta a jikinsa, har fiye, don haka in yana cikin lissafi a faɗa wa mai haɗawa tun farko.

Zama da masu layi

Wannan matakin ne ake tsallakewa, shi ne kuma ke kawo rigima daga baya. Ko ba za ka tura wuta waje ba, ka sanar. Ka rubuta gajeriyar takarda: sunanka, lambar mita ko ta bil, girman fanel, sunan inbata da girmanta, da jimla ɗaya mai cewa wuta ba za ta koma cikin layi ba. Ka haɗa da zanen wayarin da mai haɗawa ya yi, ko da da biro ne. Kwafi ɗaya ga ofishin kamfani ko wakilin mai tashar, ɗaya ga shugaban kwamiti ko ƙungiya, ɗaya a sa masa hannu ka ajiye.

Shugaban kwamiti ba lallai ya san haibirid ba, kuma abin da ke ransa daban ne. Zai ce maka, "To Alhaji, yanzu ka yi sola, kuɗin taransifoma fa, ka fita ke nan?" Amsar da ta dace ita ce, "A'a, ranka ya daɗe, waya tana nan a gidana, duk abin da aka yanka zan bayar." Muddin ba ka sa an cire wayarka daga falwaya ba, kana cikin masu layi. In kana kan ƙaramar tasha, ka sake karanta takardar da ka sa wa hannu ranar da aka ba ka mita: iyakar wat nawa aka yanka maka, akwai mafi ƙarancin abin da dole ka saya a wata, me aka ce game da wata wutar daban a gida.

Mai bil na ƙiyasi ya nemi mita kafin ya kashe kuɗi a sola, in ba haka ba, zai rage shan wuta, bil kuwa ya ci gaba da zuwa yadda yake. In kamfani bai saurare ka ba, bayan ka kai ƙorafi a rubuce a ofishinsu, NERC tana da ofisoshin sauraron ƙorafin masu amfani da wuta.

Mai haɗawa kuma ka tambaye shi takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin wayarin da duba ingancinsa. In babu mai ita a kusa, to aƙalla wanda zai yi ya nuna maka gidajen da ya yi, ka je ka ga bayan inbatar da idonka. Wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif sun ishe ka amsa.

Ɗora fanel

Birnin Kebbi tana wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, Yawuri da Zuru sun ɗan fi kudu. Fanel su fuskanci kudu, a karkace kaɗan, digiri 10 zuwa 15. Kada a miƙar da su sosai, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da kanmu take bi da tsakar rana. Kada kuma a kwantar da su sumul, ruwa da ƙura za su zauna a kai.

A bar tazarar aƙalla faɗin tafin hannu tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. Wat ɗin da aka rubuta a bayan fanel an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya sama da haka yana rage kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. A bazara, lokacin da iska kanta ta haura 40, fanel da ke manne da kwano yana iya wuce 65. Shi ya sa za ka ga rana tana ƙuna amma caji bai kai na Nuwamba ba.

A ɗaure ƙarfen da rafta, ba da kwano kaɗai ba. Iskar hadarin farkon damina da ke yaye rufin makarantu ba za ta ji nauyin fanel ba. In rufin tsoho ne ko na ƙasa ne, a kafa ƙarfe a tsakar gida, a ɗaga shi sama da inda awaki da yara za su kai. Inuwar reshen darbejiya ɗaya a kan fanel ɗaya tana rage wa duk jerin ƙarfi, don haka ka duba wurin da safe da kuma la'asar kafin a huda komai.

Sai maganar jeri. Fanel mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 in ba a jona shi da komai ba. Uku a jere, kan wannan da wutsiyar wancan, bolt 150 ke nan, kuma da sanyin safiyar hunturu yana ɗan haurawa. Wata inbatar iyakarta bolt 145, wannan jerin zai ƙona ta. Wata kuma ba ta fara caji sai ta ga 120, iyakarta 450 ko 500, wadda in ka ba ta fanel biyu ba za ta ko motsa ba. Lambobin suna nan a takardar da ke manne a gefen inbata. A karanta su a shago, kafin a biya.

Mahaɗar

Ga yadda wuta za ta bi, daga waje zuwa ciki. Daga falwaya zuwa mita. Daga mita zuwa babbar bireka. Ba a taɓa komai kafin mita, ko don gwaji. Zagaye mita laifi ne a Dokar Lantarki ta 2023, kuma hatimin da ke jikinta ba naka ba ne. Bayan babbar bireka a raba layi biyu: ɗaya ya tafi ga kaya masu nauyi, ɗaya ya bi ta na'urar tsaron ƙarfin wuta, wadda ke yankewa in wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama fiye da kima, sannan ya shiga inbata ta inda aka rubuta AC IN. Daga AC OUT wuta ta fita zuwa wani ƙaramin akwatin bireka na daban, mai ɗauke da fitilu, fankoki, firiza da soket ɗin ɗakuna.

Wayar AC OUT ba ta taɓa haɗuwa da wayar gari, ko a ina. Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne wanda ake yi don sauƙi: a ɗauko waya daga inbata a cusa a soket ɗin bango don wuta ta zagaye gida, da niyyar za a riƙa kashe babbar bireka in an ɗauke Nepa. Wata rana za a manta, ko maigida ya yi tafiya yaro ya kunna. In babu wuta a layi, taka za ta fita ta bi waya zuwa maƙwabta, ta shiga taransifoma ta baya, ita kuwa taransifoma ba ruwanta da ta ina aka shigo: bolt 230 naka za ta ɗaga shi zuwa dubbai a kan manyan wayoyi. In kuma aka dawo da wuta a wannan hali, inbatar ta tafi.

A sa canjoba tsakanin inbata da ƙaramin akwatin, yadda in inbata ta lalace za a mayar da gida kan wutar gari ba tare da kwance waya ba. Canjobar ta zama mai yanke waya biyu, layif da nutural tare, kuma mai tsayawa a tsakiya kafin ta kama ɗaya gefen. Maganar nutural ɗin nan ka tsaya a kanta. Masu wayarin da yawa sukan canja layif kawai su bar nutural ɗaya ya zagaye ko'ina. A ƙauye, inda nutural ɗin taransifoma kan saki ko a sace shi, ko kuma inda wani ya juya wayoyin a falwaya lokacin canjin fes, wannan yana kawo wuta a jikin firiza da ƙofar ƙarfe. Nutural na gefen fita ya tsaya a akwatinsa, yadda littafin inbatar ya nuna. A kuma sa bireka mai jin yoyon wuta, ta miliamfiya 30, a bakin ƙaramin akwatin. Ita ce ke yankewa in yaro ya taɓa waya.

Gefen fanel yana buƙatar bireka ta DC, wato irin wutar da fanel da batir ke bayarwa, wadda aka rubuta DC a jikinta da bolt ɗin da ya fi na jerinka. Birekar AC, wato ta irin wutar gari, ba ta iya kashe tartsatsin wutar DC, tana iya kamawa da wuta a hannunka. Wayar fanel ta zama ta sola mai jure rana, milimita 4 ko 6, da makullan MC4 da aka matse da abin matsewa. Tsakanin batir da inbata a sa fiyus ko bireka kusa da batir, waya kuma gajeriya mai kauri: inbata mai wat 3,000 a kan bolt 24 tana jan amfiya 125, wannan aikin waya mai milimita 35 ne, ta jan ƙarfe zalla. A kankare bakin wayar a shago a gani, don akwai alminiyom da aka shafa wa jan launi.

Sai at, wato wayar da ke kai wutar da ta yoyo cikin ƙasa. Jikin inbata, ƙarfen fanel da akwatunan bireka duk a haɗa su da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Ƙasarmu tana bushewa ƙayau daga Disamba zuwa Mayu, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta, don haka a kafa sandar da zurfi a inda ke samun danshi, kusa da makwararar ruwan wanka misali. Gawayi da gishirin da ake zubawa suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishiri yana cin sandar. Sanda biyu da aka haɗa, da tazara tsakaninsu, sun fi. A sa na'urar kare tsawa ɗaya a gefen fanel, ɗaya a gefen wutar gari. Dogon layin karkara yana kwaso tsawa daga nesa, ko ba a garinku ta faɗi ba.

Inbata da batir su zauna a ɗaki mai iska, ba ɗakin kwana ba, ba kusa da murhu ko jarkar fetur ba. Batir na ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji.

Saiti

Inbata tana zuwa da saitin masana'anta, wanda ba don ƙauyenku aka yi shi ba. Abu huɗu za a duba. Na ɗaya, wace wuta gida zai fara sha: a yawancin inbatocin kasuwarmu SBU na nufin sola, sai batir, sai wutar gari, SUB kuma sola, sai wutar gari, sai batir. Mai wutar kamfani da ba ta da tabbas ya fi dacewa da SUB, don batir ya zauna cike yana jiran dare. Na biyu, da me za a yi cajin batir. In kana kan ƙaramar tasha, a sa sola kaɗai. Cajin batirinka da wutar tasha da dare kwashe batirin gari ne zuwa naka, da tsada, kuma yana iya haura iyakar mitarka ta yanke. Mai wutar kamfani yana iya barin ta ta yi caji, amma a rage amfiyar zuwa 10 ko 20, don layin da ba shi da ƙarfi in aka ja shi da yawa sai ya ƙara faɗuwa, inbata ta saki, ta sake kamawa, haka za ta yi ta yi har gari ya waye. Na uku, irin batir da bolt ɗin cajinsa, daga takardar batirin za a kwafa. Na huɗu, in inbatar tana da ikon tura wuta waje, a kashe shi.

Wasu manyan inbatoci suna aiki kafaɗa da kafaɗa da wutar gari, suna hana fita ta hanyar wani ɗan zobe da ake maƙalawa a wayar layif bayan mita. Akwai kibiya a jikin zoben. In aka juya ta, inbatar za ta karanta shiga a matsayin fita, ta yi akasin abin da ake so. A bi littafin wajen fuskar kibiyar, sannan a saita ta riƙa jan ɗan wat 20 zuwa 50 daga layi kullum, don kada ko kaɗan ya tsallaka.

Gwaji kafin mai haɗawa ya karɓi cikon kuɗinsa

Wajen kunnawa batir ne farko, sai fanel, sai wutar gari, sai kayan gida ɗaya bayan ɗaya. Wajen kashewa a juya.

Gwajin da ba a yafewa shi ne wannan. Da rana tsaka, inbata tana aiki, fankoki suna juyawa, a kashe babbar bireka ta bayan mita. Mai haɗawa ya sa na'urar awo a bakin birekar ta gefen gida, da kuma bakin AC IN: layif da nutural, layif da at, nutural da at. Abin da ake so a gani sifili ne ko abin da ya yi kusa da shi. In ya ga wuta ta gaske a wurin, aiki bai ƙare ba, kada a mayar da birekar sai an gano ta inda ta biyo. In da hali a yi wannan gwaji a gaban wakilin mai tashar ko wani daga kwamiti, shi ne zai gaya wa mai hawa falwaya cewa gidanka ba abin tsoro ba ne.

Bayan haka a danna maɓallin gwaji na birekar yoyo a ga ta faɗi. A rubuta yunit ɗin da ke kan mita da ƙarfe 10 na safe, a sake dubawa da ƙarfe 3. In gida yana kan sola amma yunit ya ragu sosai, ko dai caji yana shan wutar gari ko zoben ya juye. A bar kaya su yi aiki awa ɗaya, a kashe komai, a taɓa bakin wayoyin batir da rigar birekoki. Ɗumi kaɗan ba komai, zafin da zai sa ka janye hannu yana nufin ƙusar ba ta ɗauru ba ko waya ta yi siriri. A ƙarshe a manna takarda kusa da mita da manyan baƙaƙe: AKWAI SOLA A GIDAN NAN, da bayanin inda makashinta yake.

Daga nan sai kulawa. Da hunturu a wanke fanel duk mako, da sassafe kafin su yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, ba omo ba soso. Batir na ruwa a duba shi duk wata, a ƙara masa ruwan batir tatacce, ba na rijiya ba, ba asid ba. Kafin damina a sake ɗaure ƙusoshin rufi, bayan kowace tsawa mai ƙarfi a leƙa ɗan tagar na'urar kare tsawa, in ta koma ja a canja ta. Ranar da ka ƙara fanel ko ka canja inbata zuwa babba, lissafin jeri da kaurin waya sun canja, takardar da ka kai wa masu layi ma ta tsufa, sai a rubuta sabuwa a sake gwajin babbar bireka.